Ranar da Yaya Ramatu Ta Ƙi Wankan Jego

Bana shekara talatin da biyar ke nan da aka kai Yaya Ramatu makwancinta. Sai da na ƙirga na sake ƙirgawa, don zuciyata ta ƙi yarda. Ni ce ƙanwarta, ita ta goye ni, amma yau na ba ta shekaru masu yawa. Na yi furfurar da ba ta yi ba, gwiwoyina suna ƙara in zan tashi daga kan sallaya, har jikata ta yi aure. Ita kuwa tana nan a idona yadda na san ta, doguwa, baƙa, mai wushirya, ɗankwali a ture gefe guda, damtsenta na dama ya fi na hagu kauri saboda tuƙin tuwo.

Duk wanda ya zauna Nima ko Mamobi a shekarun saba'in da na tamanin, in dai yana cin tuwon zafi a bakin babbar kwatar nan da muke ce wa gota, to ya ci na hannunta ko da bai san sunanta ba. Direbobin ƙananan motocin haya da muke ce wa trotro, 'yan dako, teloli, har ma'aikatan ofis da ke gangarowa daga unguwar Kanda da taye a wuya, duk kan benci ɗaya suke jeruwa. Miyar ayoyo, wato lalo, take yi da kayan ciki, tumbi da hanji da huhu, kuma ba ta yarda kowa ya wanke mata kayan cikin nan, sai ita da hannunta. Tana da baki, wannan kam ba zan ɓoye ba, a jininmu yake. In ka ce naman ya yi kaɗan, sai ta tambaye ka ko saniyar ubanka aka yanka. Amma kafin ka kai loma ta uku za ka ga ta jefa maka ƙarin yanka biyu, ba ta ko dube ka ba.

Abu ɗaya ne bakin nan nata bai taɓa iya ramawa ba. Shekara ashirin da biyu tana ɗakin mijinta, Malam Sa'idu tela, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Wanda bai zauna gidan haya a zango ba, wato unguwannin baƙi irin namu, ba zai san nauyin wannan ba. Gida ɗaya, ɗakuna barkatai, famfo ɗaya, kowa na jin tarin kowa. Ta daka wa ɗan maƙwabciya tsawa don ya kusa faɗawa wuta, sai uwar ta leƙo ta ce a bar mata ɗanta, wanda bai haifa ba bai san zafi ba. Kalmar juya ba a faɗa mata a fuska, amma ta san da ita ake kiranta da zarar ta ba da baya. Yaya mai amsa wa kowa, a nan sai kawai ta ci gaba da abin da take yi. Ni abin yana ƙona min rai har in ji kamar in shaƙe wata. Malam Sa'idu, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ɗaga mata murya a kan maganar ba. Irin mutanen nan ne da in suka ce Allah ne mai bayarwa, har zuciya suke nufi.

Kwatsam, tana da shekara arba'in da 'yan kai, al'adarta ta fara wasa, ta zo ta ɗauke, mararta kuma ta fara tasowa. Kai, murna! Ban taɓa ganin unguwa ta yi farin ciki da abin mutum ɗaya haka ba. Matan da suka yi mata gori su suka fara karɓe mata muciya, wai kada ta jijjiga. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, ta aika aka kira wata tsohuwar ungozoma. Ta shafa cikin, ta danna nan ta danna can, ta ce akwai mutum, ga ma kai nan. Magana ta ƙare. Zancen asibiti ko tasowa bai yi ba. Cikin fari ne, cikin fari kuwa a wurinmu abin kunya ne. Mai shi ba ta ambatonsa, ba a kuma tambayarta, ko ta kusa hamsin sai ta sunkuyar da kai. Ga kuma tsoron baki, abin da aka jira shekara ashirin ba a kai shi inda idanu za su yi masa yawa. Da ya kai wata bakwai bisa lissafin Mma, aka tafi da 'yan rakiya aka ɗauko ta daga Nima zuwa gidanmu na Mamobi goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Mma ta sayi itace ta jibge a bayan ɗaki, ta ajiye duro, duk don wankan jego.

Wata tara ya cika, shiru. Goma, shiru. Shekara ta zagayo. A nan ne tsofaffi suka fito da bayanin da kowa ya gada: cikin ya kwanta. Yaran yanzu in na ba su labarin sai su kwashe da dariya, amma mu mun tashi mun tarar ana cewa ciki yana iya kwanciya a jikin mace shekara biyu, uku, har bakwai, sai ranar da Allah ya tashe shi. Kowace tsohuwa kuma tana da labarin wata a Salaga ko Kumasi da ta haifi ɗa da haƙoransa. Aka shiga neman maganin tayar da shi, jiƙo, turare, tsimi. Yaya tana sha, tana ramewa daga sama, cikin yana ƙara girma, jini yana ɗan ɓullowa ya ɗauke. Aka ce ai alamar ya fara motsi ke nan.

A lokacin ina koyarwa a makarantar firamare, shi ya sa kowa ke ce min Tica, har Yaya. Na yi maganar asibiti har bakina ya gaji. Mma ta ce boko ya cinye min kunya, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar da jinin ya ɓalle, Yaya ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar banɗaki, ba wanda ya tsaya jin ta bakin babba. Malam Sa'idu ya taro tasi muka nufi babban asibitin birni.

Likitan wani dattijo ne mutumin yankin Bolta, mai magana a hankali. Ba ya jin Hausa, Yaya kuma Turancinta bai wuce na ciniki ba, don haka ni ce tafinta. Ya duba, ya saurara, ya sa aka gwada fitsari, sannan ya ce ba ciki ba ne. Ƙari ne a mahaifa, kuma in ana son ranta sai an cire mahaifar gaba ɗaya. Har yau ban san yadda maganar ta fita daga bakina ba. Yaya ta daɗe tana kallon rufin ɗakin, can ta ce, "Tica, tambaye shi, ko ya mutu ne a ciki?" Likita ya girgiza kai. Babu kowa a ciki, ba a kuma taɓa yin kowa ba. Ta ce to a yi aikin.

Ta daɗe a asibiti, don ta zubar da jini da yawa. Kafin a sallame ta likita ya kira mu. Ya ce yawancin ƙarin da mata ke yi a mahaifa ba mugu ba ne, yana wahalarwa amma ba ya yaɗuwa, kuma shi ma da irinsa ya ɗauki nata. Sai da aka yanki abin da aka ciro aka duba a madubin gwaji aka ga ciwon daji ne, wani iri da shi kansa jefi-jefi yake gamuwa da shi. Sunansa layomayosakoma. Yaya ta ce in maimaita, na maimaita. Ta ce, "Wannan ai sunan kaɗai ya isa ya kashe mutum." Daga ranar Mai Dogon Suna take ce masa.

A nan ne na fara sanin wace ce yayata. Ni da na yi boko, so nake mu tashi mu fita. Ita kuwa ta gyara zama ta ce ba inda za ta sai ta gane abin da ya shiga jikinta, don ba ta taɓa sayen nama a cikin buhu ba. Dattijon nan, Allah ya saka masa, ya ture takardunsa ya ba ta lokaci. Ya ce tsokar jikin mutum ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda kake ba wa umarni, ka ce wa hannu ɗaga ya ɗaga. Akwai kuma wata mai santsi da ke aikinta ba da izininka ba, kana barci tana yi, ita ce a hanji, a jijiyoyin jini, a mahaifa. Ina gama fassarawa Yaya ta ce, "Kamar bambancin naman cinya da na tumbi ke nan?" Likita ya yi murmushi ya ce haka ne, ta gane. To a cikin wannan tsoka mai santsi ne wasu ƙwayoyi suka ƙi tsayawa inda ya kamata su tsaya, suka yi ta hayayyafa.

Sai ta shiga jero masa tambayoyin da na san sun daɗe suna cin ta. Ko jifa aka yi mata? Ya ce shi dai bai ga hannun kowa a ciki ba. Ko rashin haihuwa ne ya jawo? Ya ce masu 'ya'ya rututu ma suna yi, kuma gaskiya ba wanda ya san takamaiman dalilinsa. Ta nuna ni ta ce wannan fa, za ta ɗauka? Ya ce ba a ɗauka, ko a kwano ɗaya ake ci. Jiƙon da ta sha bai kawo shi ba, bai kuma taɓa shi ba, lokaci kawai ya ci mata. Ta tambaye shi ko zai dawo. Ya ce irin wannan yana bin jini, sau da yawa huhu yake nufa, ba zai yi mata alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Ta ce, "Da na zo da wuri fa?" Ya ce da an fi sa rai, amma ko a nan ba zai ce tabbas ba. Ta yi masa godiya, ta ce in gaya masa in ya biyo ta Nima akwai tuwonsa.

Abin da ba mu sani ba, tun muna asibiti Mma ta riga ta saki magana a unguwa, da shawarar Magajiya Adiza, shugabar matan lungunmu. Wai an yi wa Yaya aiki, ɗan bai zo da rai ba, asibiti sun rufe shi. Kada mai karatu ya yi saurin zargin uwata. Ba mugunta ba ce, so ne. A wurinmu macen da ta haifi gawa ta haihu; daga ranar ta fita daga sahun juya, ba mai sake gaya mata ba ta san zafi ba. Wadda aka cire wa mahaifa kuwa, cewa ake an kwashe mata kayan ciki, ta zama namiji. Ciwon daji kuma ko sunansa ba a kamawa. Mma ta ga ƙofa ɗaya da 'yarta za ta fita da mutuncinta, ita ce ta yi wankan jego na arba'in a tsakar gida, kowa ya ga hayaƙi, kowa ya ji ƙamshin darbejiya, shi ke nan an shaida.

Ranar da muka dawo gida mata suka yi ta shigowa, kowace na cewa Allah ya sa mai ceto ne. Yaya ba ta amsa ba, ba ta kuma musa ba. Ina kallon fuskarta. A karon farko a rayuwarta ana yi mata irin gaisuwar da ake yi wa uwa, kuma wallahi gaisuwar ta yi mata daɗi. Ita da kanta ta gaya min daga baya. Ta ce, "Tica, na so in shiga wankan nan kamar yadda mai azumi ke son ruwa."

Cikin masu shigowa akwai Fati, wata yarinya 'yar ƙabilar Kotokoli, matar wani direba a gidan da ke bayan namu. Ta kawo kunu, ta durƙusa, ta yi gaisuwa da irin Hausarmu ta Nima da ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Mma Ramatu, tunda naka ya tashi, ko bai zo da rai ba, nawa ma zai tashi. Shekara biyu ya kwanta. Maganin da ka sha shi ne ina sha." Ta faɗa tana murmushi, tana shafa mararta. Yaya ta bi ta da kallo har ta fita. Kunun nan ko taɓa shi ba ta yi ba.

Da yamma Malam Sa'idu ya zo dubiya, ta sa aka ba su wuri. Asirin ba nata ba ne ita kaɗai, shi ma an yi masa barka, an yi masa jaje, abokansa na shago sun fara ce masa uban marigayi. Ban ji abin da ta ce masa ba, amma na ji amsarsa ta labule. Ya ce, "Ramatu, da ke na zauna shekara ashirin da biyu, ba da bakin mutane ba. Faɗi abin da Allah ya sani."

Gari na wayewa Mma ta hura wuta a ƙarƙashin duro, a tsakiyar tsakar gida inda kowa zai gani. Yaya ta fito tana dafa bango, hannu ɗaya a kan ɗinkin, ta zauna a kujera 'yar tsugunno.

"Mma, ruwan nan na wa?"

"Kin san na wa."

"Me na haifa?"

Mma ba ta ɗago ba, tana ta fifita wuta. Ta ce, "Ke, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Shekara ashirin da biyu ina jin abin da ake ce miki, ni ma ina da kunne. Rufin asiri nake nema miki, ba wani abu ba."

"Na sani, Mma. Amma in na yi wankan nan, Fati za ta ci gaba da jira."

"Fati tana da uwarta."

Yaya ta fashe da kuka. Ban ga hawayenta a asibiti ba, ko ranar da aka ce babu kowa a ciki, sai a gaban duron nan. Ta yi kukanta ta share fuska da gefen zane, sannan ta miƙa hannu ta zare itacen ɗaya bayan ɗaya, tana turmusa bakinsu a ƙasa. Mma ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Matan lungunmu suna da mitin da suke yi duk Lahadi a gidan Magajiya, inda ake zuba adashi, a shirya biki da suna. Tun tana goyon ciki har sun riga sun zaɓi yayin bikin sunan Yaya, wato atamfar da kowa zai ɗinka iri ɗaya. Lahadin farko da ta iya takawa ta ce in raka ta. Ta bari aka gama addu'a, ta miƙe. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta sassauta zane ta nuna musu ɗinkin tun daga cibiya har ƙasa. Ta ce, "Ban haihu ba. Ban taɓa ciki ba. Juya kuke ce min, to juyar ce." Sai ta yi musu bayanin Mai Dogon Suna tiryan-tiryan, da naman cinya da na tumbi, yadda ko ni da na fassara ba zan iya ba. Ta ce likita ya gaya mata yawanci ba irin nata ba ne, kada kowa ya tsorata, amma hannun ungozoma ba ya rabe wannan da wancan. Duk wadda cikinta ya wuce watanninsa, ko ya taso bayan al'ada ta ɗauke, ko take ganin jini ba dalili, ta je a duba. In kunya ce, ita za ta raka ta.

Kada ku ɗauka tafi aka yi mata. Gaskiya ɗaci gare ta, a zango kuwa har da yaji. Wasu sun yi kuka, wasu suka ce ta ƙaryata uwarta a bainar jama'a, abin da 'yar halak ba ta yi. Magajiya ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarta da kyau. Da ta koma sana'a bencinta ya yi sauƙi, don an ce kada a ci tuwon mai ciwon daji. Direbobi ne suka fara dawowa, su da yunwa ba ta barinsu jin tsegumi. Wata ma ta tare ni a famfo tana cewa ai da ma sun san ba ciki ba ne. Na ce mata to da kika sani me ya sa kika sayi yayi? Mma kuwa ta daina zuwa suna da biki saboda kunya. Tana dafa wa Yaya abinci, tana wanke mata kaya, amma tsakaninsu daga ina kwana sai sai da safe. Wannan shi ya fi yi wa Yaya ciwo, ya fi ɗinkin.

Fati ta zo bayan 'yan kwanaki ta ƙofar baya. Yaya ta sa ta a trotro zuwa asibiti, ni ina biye da su. Nata ƙari ne irin na kowa, aka cire aka bar mata mahaifarta. Ba zan ce muku ta haihu ba, don ba ta haihu ba. Amma tana nan da ranta a unguwar Madina ta nan bayan gari, ta tsufa tukuf, tana sayar da koko da ƙosai, kuma duk sallah sai ta aiko min da nama. Bayan Fati wasu sun biyo, a ɓoye, ɗaya-ɗaya. Akwai kuma wadda ta ce ita cikinta ciki ne, ta koma garinsu, ban sake jin labarinta ba.

Kusan shekara biyu Yaya ta samu. Sai tari ya kama ta, irin wanda ba ya jin magani. Tun kafin a ɗauki hoton ƙirji ta ce min, "Tica, Mai Dogon Suna ya iso huhu." Haka kuwa aka gani. A wancan zamanin ba wani abin kirki da za a yi mata, sai na rage zafi, shi ma wani lokacin a samu wani lokacin babu. Ba ta je gidan boka ba, ba ta zargi kowa ba. Ta raba tukwanenta, ta yafe wa masu yafiya, masu gori kuma ta ce ta bar su da kunyarsu. A ɗakin Mma ta cika, da damina, kanta a cinyar Mma.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Nima ta yau. Inda bencinta yake an yi shagon sayar da waya. Wuraren hoton ciki sun yi yawa, yarinya ta ɓatar da wata ɗaya ta je ta dawo da hoto a jaka, abin da da an same shi a sauƙaƙe a lokacinmu da ba a ɗauko mace mai shekara arba'in goyon cikin da babu shi ba. Wannan zai faranta mata. Amma da ta ji masu lasifikar nan na kasuwa da na cikin mota, masu rantsuwa cewa kwalba ɗaya za ta narkar da kowane irin ƙari, na rantse sai ta fizge abin maganar daga hannun mutum. Ɓoyon ma bai ƙare ba, riga ya sake. Yanzu ba a cewa ciki ya kwanta, sai a rage murya a ce wance tana fama da wancan ciwon, a yi ta ɓoyewa har sai an ji sanarwa a masallaci.

Kwanakin baya na sa jikata ta nemo min sunan ciwon a wayarta. Ta karanta min cewa har yanzu ba kasafai ake samunsa ba, har yanzu yana da wuyar rabewa da ƙari na yau da kullum kafin a yi aiki, har a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, kuma har yanzu yana da taurin kai. Na ji wani sanyi a raina. Ashe dattijon likitan nan bai rage mana komai ba, Yaya kuma abin da ta tsaya ta gaya wa mata a gidan Magajiya bai tsufa ba.

In aka auna da ma'aunin zango, Yaya Ramatu ba ta bar komai ba. Ba ɗa, ba jika, ba gida. Malam Sa'idu ya bi ta bayan 'yan shekaru. Hotonta ɗaya gare ni, shi ma ya dushe. Waɗanda suka ci tuwonta sun tsufa ko sun mutu. Matan da ta sa a trotro ba su rubuta sunanta a ko'ina ba, wasu ma 'ya'yansu ba su san an yi ba. Ni dai na san an miƙa mata abin da ta fi so a duniya, a kira ta uwa ko da ta gawa ce, ba wanda zai taɓa ganewa, ta mayar da hannu saboda 'yar wani. Na yi shekaru ina koya wa yara gaskiya a allo, ban kai ta ba.

Amma abin da na fi riƙewa ya faru ne ranar sadakar uku. Ɗakin Mma cike da mata, sai ga wata Hajiya 'yar uwar babanmu ta iso daga Kumasi. Ita labarin farko kawai ya kai mata. Ta zauna ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ji ƙan Ramatu. Ai tun haihuwar nan ba ta ƙara lafiya ba. Ku yi haƙuri, wadda haihuwa ta yi ajalinta shahida ce." Magajiya ta ƙyafta min ido, wato in bar maganar ta wuce. Da ta wuce ɗin, da haka za a kai maganar Kumasi, da haka dangi za su riƙe ta har abada.

Mma ta ɗago kai. Yaya 'yar farinta ce, tunda nake ban taɓa jin ta kama sunanta ba saboda kunya. Ta dubi baƙuwar ta ce, "Hajiya, Ramatu ba ta haihu ba. Ba ta taɓa ciki ba. Ciwon daji ne na mahaifa. Ita ta ce a faɗa. Ni na haife ta, ba zan ƙaryata ta tana kabari ba."